Jagorar Rage Shara da Ɓarna a Gida: Daga Kwandon Shara Zuwa Jakar Cefane

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini a kan kiyaye muhalli ita ce ta ina za a fara, kuma kusan duk wanda ya yi ta yakan biyo ta da wata, wato waɗanne kaya ya kamata ya saya. A wannan tambaya ta biyu kuskuren yake, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa kiyaye muhalli wata sabuwar sayayya ce, a kwashe robobin gida a zubar, a sayo na gilashi da na katako a jera. Wanda ya yi haka ya kashe kuɗinsa kuma ya ƙara wa juji kaya, tunda abubuwan da ya zubar ba su gama yi masa aiki ba.

Na jera matakan da ke ƙasa ne ta yadda waɗanda ba sa cin kuɗi kuma suka fi amfani za su zo a farko, sake sarrafa shara kuwa, wanda shi aka fi yayatawa, ya zo a ƙarshe. Kayan aikin da ake buƙata duk suna nan a yawancin gidaje: littafin rubutu da biro, safar hannu ta roba, bokiti ko buhu guda biyar, salatif da alƙalamin da rubutunsa ba ya gogewa, sai sikeli idan akwai.

Mataki na 1: Ku binciki shararku tsawon mako guda

Kafin ku canza komai, ku fara sanin abin da gidanku yake zubarwa. Ku ajiye mazubi biyar a inda aka saba zuba shara, ku liƙa wa kowanne suna: na abincin da ya kamata a ce an ci, na ɓawo da ƙashi da sauran abin da ba a ci, na leda da roba, na takarda da kwali, sai na gilashi da ƙarfe. Kowane dare ku auna abin da ya taru, ko ku ƙiyasta shi da ido idan babu sikeli, kamar rabin bokiti ko rubu'insa, sannan ku rubuta.

Abin da ya fi nauyin muhimmanci shi ne dalili. A gefen kowane abincin da aka zubar ku rubuta abin da ya jawo: an dafa ya yi yawa ne, ko an manta da shi a ƙuryar firji, ko an sayo fiye da abin da za a iya ci kafin ya lalace. Haka ma ledoji, ku rubuta daga wace sayayya suka shigo gidan. A ƙarshen mako za ku ga cewa abubuwa biyu ko uku ne suka cika rabin littafin, kuma su ne za ku sa a gaba.

Gargaɗi: kada kowa a gidan ya gyara halinsa a cikin wannan mako don a ga sakamako mai kyau, domin awon da aka yi wa kwaskwarima ba zai nuna muku komai ba. Kada kuma ku zaɓi makon tafiya ko makon baƙi. Ƙunzugun jarirai, allura, reza da fasasshen gilashi ba sa cikin binciken, a ɗaure su daban a fitar kamar yadda aka saba.

Mataki na 2: Ku gyara cefane da ajiyar abinci

A nan ne zan fi daɗewa, saboda a yawancin gidaje abinci ne ke fitowa a kan gaba bayan binciken. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan daga gidaje ya fito, wato kimanin kilo 79 a kan kowane mutum a shekara idan aka haɗa da ɓawo da ƙashi. Duk abincin da aka zubar ya tafi ne tare da ruwan da aka shayar da shi, da takin da aka zuba masa, da man da aka ƙona wajen kawo shi, sannan idan ya ruɓe a ƙarƙashin tarin shara inda iska ba ta shiga sai ya fitar da iskar mitan, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba.

Aikin yana farawa ne kafin a bar gida. Ku buɗe firji da ɗakin ajiya ku ga abin da ke nan, ku tsara girkin kwana huɗu ko biyar a kan abin da ya kusa lalacewa, sannan ku rubuta abin da ya rage a saya tare da adadinsa. Na ce kwana huɗu ko biyar da gangan, domin wanda ya tsara girkin mako guda cif yakan manta cewa akwai ranar da za a ci ragowar jiya da ranar da ba za a ci a gida ba. Jerin da babu adadi a cikinsa rabin jeri ne: "tumatir" kawai ba ya hana mutum cika jaka idan ya tarar da araha.

A wajen saye, ku raba kaya gida biyu. Busassun kaya masu daɗewa, irin su hatsi, wake, sukari, gishiri da sabulu, sun dace da sari, domin babban ƙunshi ɗaya ya fi ƙananan ƙunshi ashirin ƙarancin leda kuma yawanci ya fi sauƙi a kan kowane kilo. Ɗanyun kaya kuwa, ganye da 'ya'yan itace da madara, a saye su kaɗan-kaɗan. Ragin da ake yi wa wanda ya ɗauki uku a farashin biyu riba ce kawai idan za a cinye ukun, in ba haka ba an biya kuɗin biyu ne don a ci ɗaya da rabi. Kada kuma ku guji kayan lambu don siffarsu ta karkace, ɗanɗanonsu ɗaya ne da na masu kyan gani, kuma su ne aka fi bari su ruɓe a hannun mai sayarwa.

Gargaɗi: kada ku yi sarin hatsi ko gari sai kun tanadi mazubi mai murfin da iska ba ta shiga da wuri busasshe da za ku ajiye shi, sama da ƙasa kaɗan kuma nesa da bango. Buhun da ƙwari ko danshi suka cinye rabinsa ya fi sayen kaɗan-kaɗan tsada.

Idan an dawo gida, a tura sabon kaya baya, a jawo tsohon gaba. A ware wani ɓangare na firji, daidai inda ido ke fara sauka, don abin da dole a ci shi cikin kwana biyu. Sanyin firji ya kasance digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, na firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Ayaba, tuffa da tumatir suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke gaggauta nunar abin da ke kusa da su, don haka a raba su da ganye. Dankali da albasa ma kada a haɗa su a kwando ɗaya, kowanne yana son wuri mai duhu da iska. Duk abin da za a sa a firiza a rubuta masa suna da kwanan wata a kan salatif, saboda bayan wata biyu babu mai iya gane abin da ke cikin daskararriyar roba.

Gargaɗi: gudun ɓarna bai kai a ci abin da zai cutar ba. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje kafin a sa shi a firji, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ce. Ragowar da aka adana a firji a cinye ta cikin kwana 3 zuwa 4, a kuma ɗumama ta har ta yi zafi sosai ciki da waje. Game da kwanan watan da ke jikin kaya, iri biyu ne. Wanda ake rubutawa "best before" a Turance yana nuna ranar da ƙamshi ko ɗanɗano zai fara raguwa ne, kuma busasshen abu ko na gwangwani da aka adana da kyau ana iya cinsa bayan ranar idan bai canza ba. Wanda ake rubutawa "use by" kuwa maganar lafiya ce, ana sa shi a kan nama, kifi da makamantansu, kuma ba a ƙetare shi. Gwangwanin da ya kumbura a zubar da shi ko da kwanansa bai cika ba.

Akwai kuma maganar abin da ake ci kansa. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2018 ya nuna cewa samar da abinci ne ke jawo kimanin kashi 26 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma kilo ɗaya na naman shanu ya ninka kilo ɗaya na wake fiye da sau goma a wannan lissafi. Ba na cewa kowa ya bar nama, amma gidan da ya mayar da girkin kwana biyu a mako zuwa wake ko ƙwai ya yi abin da ya fi sauya jakar cefane tasiri, kuma aljihunsa zai shaida.

Mataki na 3: Jaka, kwalba da mazubi

Sai yanzu aka zo kan leda. Ku fara da abin da kuke da shi: tsohuwar jaka, kwando, buhun da aka wanke, kwalaben gilashin da aka cinye abin cikinsu. Ku ajiye jaka ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a mota ko a jakar aiki, domin ba rashin jaka ke sa a karɓi leda ba, mantuwa ce. Da zarar an juye kayan cefane a mayar da jakar wurinta nan take.

Mutane da yawa suna zaton duk abin da ba leda ba ne ya fi alheri, to lissafin bai nuna haka kai tsaye ba. Binciken da hukumar muhalli ta Ingila ta wallafa a 2011 ya gano cewa kafin jakar auduga ta yi daidai da siririyar leda a wajen ɗumamar yanayi sai an yi amfani da ita sau 131, jakar takarda sau 3, ita kuwa jakar roba mai kama da yadi sau 11. Dalili shi ne noman auduga da saƙa ta suna cin ruwa da makamashi mai yawa. Wannan lissafi bai haɗa da ɓarnar da leda ke yi idan ta toshe magudanar ruwa ko ta shiga cikin dabba ba, don haka ba hujja ce ta komawa leda ba. Abin da yake nufi shi ne jakar auduga ɗaya da aka yi shekara biyar ana cefane da ita ta yi aikinta, amma wanda ya tara guda goma a bayan ƙofa ya gudu ne bai tsira ba.

Kwalbar ruwa mai ɗorewa da mazubin abinci na tafiya aiki su ne sayayya ta farko da nake ganin ta cancanta, idan babu makamancinsu a gida. A zaɓi mai faɗin baki wanda hannu ko burushi zai shiga, domin kwalbar da ba a iya wankewa ba ta daɗewa kafin a yar da ita.

Gargaɗi: jakar da aka ɗauko ɗanyen nama ko kifi a cikinta a wanke ta da sabulu a shanya kafin a sake zuba kayan lambu, mafi kyau ma a ware wa nama tasa jakar. Kada a zuba abu mai zafi a robar lemo ko ta ruwan sha, ba don haka aka yi ta ba. Kada kuma a taɓa juye kananzir, bilic ko maganin ƙwari a kwalbar abin sha, domin ta wannan hanyar ce yara ƙanana suke shan guba.

Mataki na 4: Tambayoyi huɗu kafin sayen kaya masu ɗorewa

Tufafi, takalma, waya, kayan ɗaki da na'urori suna yin mafi yawan ɓarnarsu ne tun a masana'anta, kafin su iso hannun mai saye. An ƙiyasta cewa rigar auduga guda ɗaya, irin 'yar shara ta yau da kullum, tana cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Wayar hannu ma mafi yawan hayaƙin da ake danganta mata daga ƙera ta yake fitowa, ba daga cajin da ake yi mata ba, shi ya sa ƙara mata shekara ɗaya ta hanyar sauya batir ko gilashi ya fi duk wata dabara.

Saboda haka ku bi waɗannan tambayoyi a jere, kada ku tsallake zuwa ta gaba sai ta baya ta gaza. Ta farko, akwai abin da zai yi wannan aiki a gida, ko da sai an kai shi wurin tela ko mai gyara? Ta biyu, abu ne da za a yi amfani da shi sau ɗaya ko biyu a shekara, wanda aro ko haya za su wadatar, kamar tsani ko injin huda bango? Ta uku, ana samun na hannu mai kyau? Ta huɗu, idan dole sai sabo, wanne ne ake samun kayan gyaransa kuma ake iya kwance shi da sukundireba ba tare da an fasa ba? Duk abin da ba na gaggawa ba ne, ku rubuta shi a littafi ku bar shi kwana 30. Da yawa daga cikin abubuwan da ke jerin za ku tarar sha'awarsu ta wuce kafin wa'adin ya cika.

Wajen kwatanta farashi, ku raba kuɗin kaya da tsawon lokacin da zai yi aiki. Takalmin da ya ninka wani sau biyu a kuɗi amma ya yi shekara huɗu, alhali wancan wata takwas yake yi, ya fi shi sauƙi sau uku idan aka yi lissafi a kan kowane wata. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar inganci ba ce, don haka a juya riga a duba ɗinki, a ja zif sama da ƙasa, a tambayi tsawon garanti.

Gargaɗi: akwai kayan da ban ba da shawarar a sayi na hannu ba, wato hular kwano, kujerar jariri ta mota, da duk na'urar da wayarta ta ƙone ko ta tsage. Tsohon firji da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki kuma suna iya cinye rarar da aka samu a farashinsu ta hanyar kuɗin wuta.

Mataki na 5: Ku koyi karanta tambari

Koren launi, hoton ganye da kalmomi irin su "na halitta" ko "mai son muhalli" ba su da wani ma'auni a bayansu, kowane kamfani yana iya buga su. Tambarin da za a dogara da shi shi ne wanda wata hukuma ta daban ta bayar bayan bincike. Daga cikin sanannu akwai FSC a kan katako da takarda, Energy Star da aka fara a Amurka a 1992 don na'urorin lantarki, EU Ecolabel na Tarayyar Turai, Blue Angel na Jamus wanda yake tun 1978, da GOTS a kan yadi. Takardar makamashi ta Tarayyar Turai da ake liƙawa a jikin firji da injin wanki an sake mata tsari a watan Maris na 2021, ta koma daga A zuwa G, don haka na'urar da ke da C a sabon tsari tana iya fin wadda ke da A da alamun ƙari a tsohon tsari. Ku kwatanta adadin wutar da aka rubuta na'urar tana ci, shi ne ba ya ruɗi.

Gargaɗi: ledar da aka rubuta cewa tana ruɓewa ba lalle ta ruɓe a bayan gidanku ba. Yawancinsu sai a masana'antar taki mai zafi sosai, wasu kuma farfashewa kawai suke yi zuwa ƙananan ɓarɓashin roba, kuma irin waɗannan na biyun Tarayyar Turai ta haramta su tun watan Yuli na 2021. Kada a jefa su cikin robar da za a sake sarrafawa, suna ɓata ta.

Mataki na 6: Wutar lantarki da ruwa

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk na'urar da ke samar da zafi ko sanyi ita ce ke shan wuta. Na sha ganin mai cire cajar waya daga soket da himma alhali hitar ruwan wankansa tana kunne dare da rana. Ku fara da hita, na'urar sanyaya ɗaki, dutsen guga, butar lantarki da firji. A kunna hita daf da lokacin wanka a kashe bayansa, a tara guga a yi ta lokaci ɗaya, a tafasa ruwan da ake buƙata kawai, a wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki duk wata. Firji a janye shi daga bango kaɗan, a nisanta shi da murhu, sannan a gwada robar ƙofarsa: a maƙale takarda a rufe, idan ta zare cikin sauƙi robar ta saki kuma sanyi yana zurarewa. A injin wanki mai dafa ruwansa, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar a wajen zafafa ruwa take tafiya, don haka wankin ruwan sanyi da shanya a igiya sun wadatar ga yawancin tufafi.

Ga lissafin ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60 da ke kunne awa 5 a rana yana cin yunit 109.5 a shekara, yunit ɗaya kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya, kimanin lumen 800 a ma'aunin haske, da yunit 16.4 kacal. Ku ninka bambancin, wato yunit 93, da farashin yunit a takardar kuɗin wutarku, za ku ga cikin wata nawa kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ku fara sauya na ɗakunan da aka fi daɗewa da fitila a kunne.

A ɓangaren ruwa, yoyo ake fara nema. A rufe duk famfunan gida, a karanta mita, a jira awa 2 ba tare da an taɓa ruwa ba, a sake karantawa, idan lambar ta motsa akwai yoyo a wani wuri. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, kuma sau da yawa 'yar robar cikinsa ce kawai ta cinye. Don gwada masai na zamani, a ɗiga kalar abinci a tankinsa a jira minti 10, idan launin ya bayyana a kwano ba tare da an ja ruwa ba to murfin ƙasan tankin yana yoyo.

Gargaɗi: a rufe babban famfo kafin a kwance kowane famfo. Masu haɗa ruwan wanke-wanke da kansu kuma kada su taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko da wani sinadarin wanke banɗaki, haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

Mataki na 7: Ku mayar da ɓawo taki

Ɓawon da ya taru a mazubi na biyu lokacin bincike shi ne kayan aikin wannan mataki. Ana buƙatar durom ko babban bokiti mai murfi da aka huda gefensa da ƙasansa, ko kuma wani lungu mai inuwa idan akwai fili. Kayan haɗin iri biyu ne: ɗanye, wato ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, ganyen shayi da ɗanyar ciyawa, sai busasshe, wato busassun ganye, kwalin da aka yayyaga, ɓawon ƙwai da dusar katakon da ba a yi masa fenti ba.

A fara shimfiɗa ƙananan ƙirare a ƙasa don iska ta shiga, sannan a riƙa zuba awo biyu zuwa uku na busasshe a kan kowane awo ɗaya na ɗanye, kuma kullum busasshe ne zai kasance a sama. Danshinsa ya zama kamar na tsumman da aka matse, idan aka damƙa ba ya ɗiga amma hannu yana jin sanyi. A juya shi sau ɗaya a mako. Tarin da ya samu daidaito yana yin zafi a tsakiya har ya haura digiri 55, kuma cikin wata 2 zuwa 6, gwargwadon yanayi da yawan juyawa, zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan sama.

Matsalolinsa biyu ne kuma hanci da hannu suna gane su. Idan yana wari, ɗanye ko ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. Idan ya yi makonni bai canza ba, ya bushe ne, a yayyafa ruwa a ƙara ɗanye.

Gargaɗi: kada a sa nama, kifi, mai, madara ko kashin kare da na kyanwa, suna jawo ɓeraye da ƙudaje kuma suna iya ɗauke da cuta. Takin da bai gama nuna ba yana ƙona saiwar ƙananan tsirrai. Wanda ba shi da shuka ko wurin ajiye durom ya fara neman mai lambun da zai karɓa kafin ya fara tarawa.

Mataki na 8: Rarraba abin da ya rage

Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe, OECD, ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa, wannan ne ya sa na bar matakin a ƙarshe. Kafin ku fara warewa, ku tambayi masu kwasar shara ko masu sayen tsofaffin ƙarafa da robobi a yankinku abin da suke karɓa, domin babu amfanin tara abin da ba shi da mai ɗauka. Lambar da ke cikin alamar kusurwa uku a gindin roba, daga 1 zuwa 7, nau'in robar take nunawa, ba alkawari ba ne cewa za a sarrafa ta. Lamba 1, ta robar ruwan sha da lemo, da lamba 2, ta jarkoki da robar sabulun ruwa, su aka fi karɓa, lamba 5 ana karɓarta a wasu wurare, 3 da 6 da 7 kuwa da wuya. Gwangwanin alminiyam shi ne ya fi daraja, tunda narka shi yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo.

A ɗauraye kowane mazubi da ragowar ruwan wanke-wanke, a bar shi ya bushe, a take robobi da kwalaye don su rage cin wuri. Kwalin da ya jiƙe da mai a ware shi daban, domin yana ɓata sauran takardu.

Gargaɗi: kada a ƙona roba ko leda don a rage tarin shara, hayaƙinsu yana ɗauke da guba, musamman na lamba 3. Batir, tsohuwar waya, ƙwan fitila mai lanƙwasa da dogon ƙwai mai farin haske ba sa shiga kwandon gida: ƙwayayen suna ɗauke da sinadarin makuri mai guba, batirin litiyam kuma yana kama wuta idan aka matse shi a motar shara. A liƙe bakin kowane batir da salatif, a tara su a kwalbar gilashi nesa da yara da zafi har a samu wurin da ke karɓar sharar lantarki, wadda duniya ta tara tan miliyan 62 nata a 2022 kuma ƙasa da rubu'i ne aka tabbatar an sarrafa yadda ya dace. Waya ko kwamfuta a goge duk bayanan cikinta a cire layi kafin a miƙa ta. Tsohon man suya a bar shi ya huce a juye a kwalba a rufe, kada a zuba shi a magudana, ragowar magani kuma a tambayi kantin magani yadda za a yi da shi maimakon a juye a masai.

Bayan wata uku ku sake fito da mazuban nan biyar ku maimaita awon mako guda a shafin da ke kusa da na farko, sannan ku koma kan matakin da ya shafi mazubin da bai ragu ba.